Ku Zagaya Landan a Ƙasa

Ƙannena da 'ya'yana da Allah ya ba ku gurbin karatu ko aikin asibiti a Landan, da ku masu jiran biza, akwai abin da ba ya shiga cikin wasiyyar da iyaye ke yi a filin jirgi. Za a ce ku riƙe salla, ku kula da abin da kuke ci, ku guji abokan banza, ku riƙa kiran gida. Duk daidai ne, ku riƙe su hannu biyu. Ƙarin da zan yi a kai ɗaya ne: ku sayi takalmi mai ƙwari, ku zagaya garin nan a ƙasa.

Na ga yaranmu da yawa sun shekara biyu ko uku a Landan, amma saninsu bai wuce ɗakin haya, da aji, da wurin aikin dare, da jirgin ƙarƙashin ƙasa ba. Yaro ya shiga rami a wannan unguwa, ya ɓullo ta wani ramin a waccan, abin da ke tsakani kuwa sai Allah. Ka tambaye shi ina gabas, sai ya zaro waya. Ranar hutu, in ya yi ƙoƙari, ya je Oxford Street ya ɗauki hoton da zai tura gida, ko ya leƙa Peckham ya sayo manja da garin rogo, ya dawo ya shige bargo yana bin rigimar Najeriya a Facebook har barci ya sace shi. Daga ƙarshen Oktoba, da an mayar da agogo baya, duhu ya fara sauka tun yamma ba ta yi ba, sai ka ga yaron da ya bar gida da fara'a ya koma shiru-shiru, ba ciwo a jiki amma ba lafiya. Damuwar da ta yi nauyi ta likita ce, kada kunya ta hana ku zuwa. Sai dai ɗakin da ba a fita daga cikinsa ƙara mata ƙarfi yake yi.

Hanyar da nake so ku bi sunanta Capital Ring. Zobe ce da ta kewaye tsakiyar birnin ta unguwannin gefe, tsawonta kilomita 126, wato mil 78 a lissafin mutanen ƙasar. Ba sabuwar hanya aka share ba. Tun 1990 wasu masu sha'awar tafiyar ƙasa da ma'aikatan ƙananan hukumomi suka zauna a kan taswira, suka ga cewa in aka ɗinke wannan kurmi da wancan filin wasa, da bakin wancan rafi, da wata tsohuwar maƙabarta, da 'yan titunan da ke tsakaninsu, mutum zai kewaye Landan kaf yana fita daga wannan kore yana faɗawa wancan. Aka gama kafa alamominta a 2005, ɗan ƙaramin faifai ne mai hoton hasumiyar agogon Big Ben, a jikin turke ko falwayar fitilar titi. An yanka ta kashi 15, kowane kashi ya fara kuma ya ƙare kusa da tashar jirgi. In ka raba, kashi ɗaya bai fi kilomita 8 da 'yan kai ba, tafiyar awa biyu zuwa uku. Ba kwana a daji, ba tanti, ba kuɗin shiga. Taswirar kowane kashi tana intanet kyauta. Ɗalibin da zai ba ta Asabar ɗaya-ɗaya zai gama ta kafin wata huɗu.

Na san abin da wani zai ce a ransa. Mu a wurinmu tafiyar ƙasa ba abin tutiya ba ce. Wanda aka gani yana taka sayyada da rana tsaka, ko dai ba shi da kuɗin a-daidaita-sahu, ko kuma a fara yi masa fatan Allah ya ba shi lafiya. Tattakin da muka sani shi ne irin na 2015, da samari suka riƙa takawa gari ya gari don taya 'yan siyasa murnar cin zaɓe, ido yana kan abin da za a sa musu a aljihu. Tafiyar da ba aike ba, ba ziyara ba, ba wanda zai biya ka, wannan a ganinmu aikin Turawan da suka ƙoshi ne. To amma jikan mutanen da suka taka daga Kano zuwa Gwanja fataucin goro, da waɗanda suka ratsa Sudan a ƙasa zuwa Makka, bai kamata kilomita 8 ta razana shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, ga shi kashi ɗaya ya biya wannan bashin. Amma lafiyar jiki ba ita ce babbar hujjata ba. Abin da hanyar za ta koya muku game da yadda ake riƙe gari, shi nake yi muku kwaɗayi.

Ana farawa daga Woolwich, a kudancin Kogin Thames, unguwar da ba za ku ji baƙunta ba saboda 'yan Najeriya sun cika ta. Kafin kashin farko ya ƙare za ku hau tudun Shooter's Hill ku shiga kurmin Oxleas. Ku tsaya a nan ku duba da kyau. Manyan itatuwan oak ne da suka rufe sama, ƙasa ta sha ruɓaɓɓen ganye har tana lotsawa in an taka, a ƙarshen Afrilu kuma wasu furanni shuɗɗa su shimfiɗu a gindinsu iyakar ganinka. Masana sun ce wani sashe na wurin bai daina zama kurmi ba tun shekara 8,000 da suka wuce. Ƙarar mota tana zuwa daga nesa kamar a mafarki, alhali in ka miƙe minti goma kana gaban shagon mai sayar da kaza da dankali. A cikin itatuwan akwai wata hasumiya mai kusurwa uku, Severndroog, wadda matar Sir William James ta gina a 1784 don tunawa da yadda mijin nata ya ci wani sansani da yaƙi a gaɓar tekun Indiya. Irin wannan za ku yi ta gani a hanya: lambuna da gidajen da dukiyar wasu ƙasashe ta gina. Ku ji daɗin inuwar, amma ku karanta allon da ke bakin ƙofa.

Kurmin nan da tuni babu shi. Gwamnati ta shirya ratsa shi da babban titi wanda zai haɗu da sabuwar gada a kan Thames, an gama zane, an gama sauraron ba'asi. Mazauna unguwa, mutane irin malamin makaranta da mai kanti da tsohuwar da ke fita da karenta, suka ƙi. Suka tara kuɗi, suka kai ƙara kotu, suka yi ta gangami har maganar ta zama ta ƙasa baki ɗaya. A 1993 gwamnati ta janye. Wannan shi ne labarin kusan kowane koren wuri da za ku taka a zoben nan. Babu wanda aka bari don alheri ya yi wa masu mulki yawa. Kowanne akwai wanda ya so ya katange shi ko ya sayar, akwai kuma wanda ya tsaya ya ce a'a.

Daga nan hanya ta wuce fadar Eltham inda Sarki Henry na Takwas ya yi ƙuruciya, ta kai lambun Crystal Palace mai gumakan dabbobin zamanin da da aka kafa tun 1854, ta ratsa filayen Streatham da Tooting, ta bi ta gaban kurkukun Wandsworth (ba duka ne lambu ba, na gaya muku), sannan ta hau filin Wimbledon. Ku kun san Wimbledon da wasan tanis. Ni abin da ya fi burge ni shi ne makiyayar da ke samanta, mai tsohon injin niƙa na iska da aka gina a 1817. A 1864 mai ƙasar, Earl Spencer, ya kai ƙuduri majalisa yana so ya katange wani sashe ya mai da shi lambu, ya yanka wani sashen ya sayar a yi gidaje. Babban basarake ne, mai faɗa a ji. Mutanen yankin suka yi masa tsaye har aka yi dokar 1871 wadda ta karɓe filin daga hannunsa, ta ce a bar shi a buɗe, ba katanga ba gini, har abada. Ga inda hikimar take: dokar ta ɗora wa gidajen da ke kusa da filin wani ɗan haraji na kula da shi, ta kuma ba su ikon zaɓen mafi yawan masu riƙon amanarsa. Har gobe haka ake yi. Mutumin da ke biyan kuɗin share fili duk shekara ba ya kwana yana ji ana auna shi da dare.

Ana tsallaka titi ɗaya sai gandun Richmond, kuma in za ku yi kashi ɗaya tak a rayuwarku, to ya zama wannan. Faɗinsa ya kusa hekta 1,000. Sarki Charles na Ɗaya ne ya zagaye shi da katangar bulo a 1637 don ya riƙa farauta, har yau kuma barewa sama da 600 suna kiwo a ciki sake, mazansu da ƙaho mai rassa kamar busasshen itace. Za ku ji wani kuka mai kaifi a sama, ku ɗaga kai ku ga tsuntsaye koraye masu dogon wutsiya suna wucewa a guje. Tsirya ce, irin wadda ake gani a ƙasarmu, ta tsere daga keji shekaru da dama ta hayayyafa ta zama 'yar gari. Akwai wani tudu, King Henry's Mound, inda aka yanke kafa a cikin shinge. In sama ta washe, ta kafar nan za ka hango ƙubbar cocin St Paul a tsakiyar birni, kilomita 16 daga inda kake tsaye. Doka ta kare wannan hangen, ba a yarda a yi ginin da zai tare shi ba. Ku yi tunanin garin da taku ɗaya na filinsa ya fi gidan wani tsada, amma ya yi wa kallo doka.

Shi ma gandun an taɓa kulle shi. Gimbiya Amelia, 'yar Sarki George na Biyu, da aka ba ta riƙonsa a 1751, sai ta rufe ƙofofi ta ce sai abokanta da masu takardar izini. Wani mai sana'ar giya a garin Richmond, John Lewis, ya je ƙofa aka hana shi shiga, ya kai ƙara, a 1758 kotu ta ba shi gaskiya a kan 'yar sarki. Duk wanda ya shiga gandun nan a ƙasa yau, ta ƙofar da mutumin nan ya buɗe ya shiga.

Tushen wannan duka wata ƙa'ida ce a dokar Ingila da ya kamata duk ɗalibin shari'a ko tsara birane a cikinku ya haddace. Idan jama'a suka shekara 20 suna bin wata hanya a bayyane, ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, ba da roƙon izini ba, mai filin kuma bai nuna ya hana ba, doka tana ɗaukar ta ta zama hanyar jama'a. Ko an sayar da filin, da hanyarsa aka sayar. Ingila da Wales suna da irin waɗannan hanyoyi kimanin mil 140,000. Za ku ga aikin ƙa'idar da idonku a Harrow, inda zoben ya ratsa ta filayen wasan makarantar da Churchill da Nehru da Sarki Hussein na Jodan suka yi karatu. Makarantar 'ya'yan masu hannu da shuni ce, amma kai da jakarka da taɓo a wando za ka bi ta ciki, ba mai ce maka ina za ka. Mu ma mun san irin wannan: burtali ne, wanda ko gonar sarki ta matse shi ba ta haɗiye shi. Kun kuma san abin da ya biyo baya a wuraren da aka bari gonaki suka cinye burtali. Bambancin shi ne su sun rubuta nasu a taswirar hukuma, suna da ƙungiyoyi irin Ramblers, wadda ta kafu tun 1935, da ke bin hanyoyin suna kai rahoton duk wanda ya sa waya ko ya cire alama. Takun da za ku yi ranar Asabar, ko ba ku sani ba, yana cikin abin da ke riƙe hanyar a buɗe.

Yanzu ga shiri. Ƙasar Landan yumɓu ce. Daga Nuwamba zuwa Maris, hanyar cikin kurmi takan zama caɓi mai danƙo da ke kama takalmi ya ninka nauyinsa, farin kambas ɗin da kuke ji da shi ba zai dawo yadda ya tafi ba. Ku nemi takalmin da ruwa ba ya shiga, mai haƙora a tafi, wanda ya ɗan fi ƙafa girma don safa mai kauri ta samu wuri, ku kuma fara sa shi a cikin unguwa kafin ku kai shi doguwar hanya, in ba haka ba bororo zai tsayar da ku a rabi. Kada ku sa riga ɗaya mai nauyi; ku sa marasa nauyi biyu ko uku da za a iya cire ɗaya in jiki ya ɗau zafi, da rigar ruwa a sama. Lema ba ta da amfani a wurin da iska ke juya ta. Mai jiran ranar da ba hadari a Ingila zai gama digiri bai fita ba. Ku ɗauki ruwa, da dabino ko gyaɗa, da shayi a fulas in da hali, ku sauke taswirar a waya tun kuna gida, don sanyi yana shanye batir, alamar hanya kuma wani lokaci yara sun juya ta ko ganye ya rufe ta.

Salla ita ce abin da za ku fara lissafawa. A Disamba azahar tana shiga wajen sha biyu, la'asar wajen ɗaya da rabi, rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu. Wanda ya fito da hantsi yana jan jiki, salla uku za su riske shi a hanya, ga wasu lambunan ana kulle ƙofarsu da magariba. Saboda haka a lokacin sanyi ku fita da sassafe da alwalarku, ku gama kafin la'asar. A Yuni kuwa rana tana kai wa bayan tara na dare, kuna da sarari har na kashi biyu. Ku sa 'yar sallaya mai naɗewa a jaka. Gefen fili a bayan itace, nesa da hanyar masu keke, ba wanda zai dame ku. Akwai masallaci kusa da tashar Wimbledon Park, inda kashi na biyar ya ƙare na shida ya fara, na Finsbury Park ma ba shi da nisa da hanya. Banɗaki ne ke wuya. Inda kuka ga shagon shayi a lambu, ku sayi kofi ɗaya ku yi uzurinku, don ba ku san inda na gaba yake ba.

Sai kare, wanda na san shi ne zai fi hana wasunku fita. Za ku haɗu da su da yawa, akasari ba igiya, suna gudu suna shinshine-shinshine. Kada ku ruga, kada ku duƙa neman dutse yadda aka saba a gida, don a nan jifan kare rigima ce da mai shi, wataƙila har da 'yan sanda. Ku tsaya cik, ku kau da ido, ku ce wa mai shi ya kira abinsa, yawanci zai kira ya kuma ba da haƙuri. Wanda tsoronsa na tsarkin tufa ne, ya tuna cewa a mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne. Barewar Richmond ce ma ta fi cancantar tsoro. Hukumar gandun ta ce a bar mita 50 tsakani, musamman daga Satumba zuwa Nuwamba da mazan ke faɗan barbara, da kuma Mayu zuwa Yuli da matan ke ɓoye 'ya'yansu a ciyawa. Masu neman hoto sun sha ƙaho. A doguwar ciyawar akwai kaska mai ɗauke da cutar Lyme, don haka ku tura ƙafar wando cikin safa, ku duba jikinku in kun koma gida.

Kada wanda ya yi tsammanin aljanna. Tsakanin kore da kore akwai tituna masu tsawo na gidaje iri ɗaya, da gadar tsallaka babbar hanya mai ƙarar da ke toshe kunne, da bayan masana'antu inda aka jibge tsohuwar katifa. Wasu suna hawan bas su tsallake irin waɗannan wurare. Ni ban ba ku wannan shawarar ba, domin a nan ne ake ganin garin ba kwalliya. Za ku ga inda gidaje ke da mota uku a ƙofa, bayan minti ashirin ku ga benen da mutane ke shanya a taga. Za ku wuce shagunan Indiyawa da 'yan Poland a yamma, da gidajen burodin Turkawa a Stoke Newington. A titin Cazenove, kan hanyar zuwa lambun Springfield, masallaci da wurin ibadar Yahudawa suna maƙwabtaka, ranar Asabar ka ga magidanta da baƙaƙen riguna da manyan huluna suna tafe a ƙasa da jerin 'ya'yansu. A lambuna ku riƙa karanta 'yan allunan tagulla da ke jikin bencina: sunan mamaci ne, da shekarar haihuwa da ta rasuwa, da layi ɗaya cewa yana son zama a nan. Iyalinsa ne suka biya aka kafa bencin don wani ya huta. Mutanen da ba sa kallon juna a jirgin ƙasa, a kan hanyar nan sukan gyaɗa maka kai, tsoho ma ya tsaya ya yi maka ƙorafin ruwan sama. Ku amsa. Daga irin wannan gajeriyar hira ake fara jin harshen mutane yadda suke yin sa, ba yadda yake a jarrabawar biza ba.

A wasu wuraren za ka duba ka ga kai kaɗai ne baƙar fata. A cikin Landan wannan bai cika zama matsala ba, amma ba zan ce muku babu masu mugun ido ba. Ƙungiyar Muslim Hikers da Haroon Mota ya kafa a 2020 ta sha zagi a intanet a ƙarshen 2021 don kawai ta sa hotunan mambobinta suna hawan tudu a Peak District, ba ta kuwa fasa fita ba, sai ma ƙaruwa da ta yi. Abin da ya dace ke nan. Ku fita biyu ko uku, ku gaya wa wani inda kuka nufa da lokacin da za ku dawo, ku riƙe lambar kiran gaggawa, 999. 'Yan mata, ku haɗa kanku ku fita da rana, a ranakun da hanya ke da jama'a. Abaya ba ta hana tafiya in an sa wando da takalmin kirki a ƙasa, an kuma zaɓi wadda ba ta jan taɓo. Ku zaɓi abokin tafiya da kyau. Mai sauri da ba ya waiwaye, da mai ƙorafi tun kilomita ta biyu, da wanda zai yi awa uku yana waya da gida, duk ba su yi ba. Kunne kuma a bar shi a buɗe, masu keke ba sa jira.

Wurare biyu a arewa da gabas nake so masu karatun injiniya su yi wa kallon natsuwa. Na farko Parkland Walk, tsakanin Highgate da Finsbury Park. Layin dogo ne da jirgin fasinja ya daina bi a 1954. Aka cire ƙarafa, itatuwa suka tsiro, a 1984 aka buɗe shi ga masu tafiya, daga baya da aka so mai da shi titin mota mutanen unguwa suka hana. Har yanzu dandamalin tsohuwar tashar Crouch End yana nan hagu da dama, ciyawa ta fito ta tsagar siminti, yara suna tsere a kai, ramukan jirgin da ke Highgate kuwa an rufe su an bar wa jemagu. Na biyu Greenway, wata doguwar ganuwa da ta miƙe daga wajen filin wasannin Olamfik na 2012 zuwa Beckton. Kana tafe a sama kana hango rufin gidaje, a ƙarƙashin ƙafarka kuwa ƙazantar arewacin Landan ce ke gudu a cikin manyan bututu. In rana ta yi zafi hanci zai ba ka labari. Joseph Bazalgette ne ya gina magudanar bayan bazarar 1858, lokacin da warin Thames ya addabi 'yan majalisa a zaurensu har suka saki kuɗin da kwalara ta kashe dubbai ba su saki ba. Gidan famfon Abbey Mills na 1868 yana gefen hanya, an ƙawata shi kai ka ce fada ce. Babu ɗayan biyun nan da aka tsara don shaƙatawa. Ragowar fili ne da ba a yi gaggawar yankawa ba.

Da yawanku za ku koma gida, wasu ma a gidan kuke karanta wannan. Ban ce ku kama hanyar dajin bayan gari a halin tsaron da ake ciki ba. Amma ku dubi abin da ya rage a cikin gari da idon wanda ya san darajarsa. Badalar Kano ana ta gini a kanta ana kwasar ƙasarta, kududdufan da ke shanye ruwan sama an cike su an yi shaguna, damina ta zo ana mamakin ambaliya. Tsarin Abuja na 1979 ya ware wuraren da za a bari kore, ku je ku ƙirga nawa suka rage. Masu zuwa suna auna irin waɗannan filaye sun fi samun sauƙi a inda ba kowa ke bi, ba kowa ya san iyaka, ba wanda zai iya rantsuwa cewa shekara 20 yana wucewa ta nan. Lauya ko mai tsara gari da ya taɓa taka Oxleas, ya san yadda aka ƙwace shi daga bakin katafila, ba zai sa hannu a takardar yanka fili da saurin wanda bai taɓa ba.

Ba dole ne a bi kashi-kashin a jere ba. Ku fara da Wimbledon zuwa Richmond don ku kamu, ku bi da Highgate zuwa Stoke Newington, ku ajiye na gabas zuwa lokacin sanyi tunda akasarinsa daɓe ne, ba taɓo. Kashi na ƙarshe yana bi ta bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Royal Albert, jiragen sama na tashi a tsallaken ruwa, sannan ya kai ku hanyar ƙarƙashin kogi ta Woolwich, mai tsawon mita 504, wadda aka buɗe a 1912 don leburorin tasha su riƙa tsallakawa in hazo ya tsayar da jirgin fito. Ku tanadi ɗan ƙarfi, don na'urar hawa da sauka takan lalace, matakalar kuwa ta wuce ɗari. Wanda ya gama bai ƙoshi ba, akwai babbar yayarta, London LOOP, mai mil 150 a kashi 24, alamarta hoton shaho, ta bi ta can iyakar gari inda ake ganin gonaki da dawaki. Ita ba ta rufe zobenta ba: ta tashi daga Erith a kudancin kogi ta ƙare a Purfleet a arewa, kuma babu fito tsakaninsu, don haka ku tabbata akwai kuɗin jirgin komawa a katinku.